Ƙotar bindiga ta kusan miliyan ɗaya, da wadda Baba ya sassaƙa mana a Garwa

Duk wanda ya daɗe yana hulɗa da bindigogin farauta ya san cewa yau akwai ƙotar da kuɗinta ya kamo na bindigar da za a ɗora a kanta, wata ma ta wuce. Ni aikina kula da ma'ajiyar bindigogi da kayan harbi a wani sansanin farauta mai lasisi a yankin Faro, can bayan Poli, in an rufe daji kuma in dawo gida Garwa. Daga Disamba har ƙarshen rani baƙi na zuwa mana daga Faransa, Jamus, Sifaniya da Amurka, wasu don ɓauna, wasu don gwanki, mafi yawansu don eland ɗin Derby, wata ƙatuwar dabba dangin gwanki, wanda Kamaru na cikin ƙasashe ƙalilan da ake farautarsa bisa doka. Ni ke karɓar bindigoginsu in goge, in kulle, in fito da su da asuba. Ƙotoci masu tsada sun bi ta hannuna da yawa, kuma da su nake auna aikin dattijon da zan yi magana a kansa.

Bindigar da ta jawo zancen tsohuwa ce, .375 H&H mai ƙirar Mauser, wadda sansani ke ba baƙon da bai zo da tasa ba. Kamfanin Holland & Holland na Landan ne ya fito da wannan harsashi a 1912, kuma har gobe shi ake fara tambayar mai son ɓauna ko yana da shi. Kan harsashin ya kai giram 19, yana fita da gudun da ya haura mita 750 a daƙiƙa. Ƙarfin da ya tura shi gaba yana dawowa baya, kuma kafin ya iso kafaɗar maharbi dole ya ratsa ta ƙota. A ƙarshen kakar farautar bara na ga wani siririn layi a wuyan ƙotar, daidai bayan wutsiyar ƙarfe, wato ƙarshen ƙarfen bindigar da ke kwance a kan itace. Ba ya fitowa sosai sai ka kama ƙotar da hannu biyu ka murɗa, sai ka ga ya buɗe baki. Bindiga mai irin wannan tsaga ba a miƙa wa baƙo ita a ce ya tunkari ɓauna.

Dalilin tsagewar sananne ne, kuma masu tsofaffin bindigogi su saurara. A ƙarƙashin uwar ƙarfen akwai wani haƙori da ke shiga rami cikin itace, shi ne aikinsa karɓar naushin harbi. Shekara da shekaru ana zuba wa bindigar mai ana jingine ta baki sama, man yana gangarowa yana jiƙa itacen wurin har ya yi laushi. Hunturu ya zo ya tsotse sauran danshi, itace ya motse, kusoshi suka saki. Daga nan haƙorin ya daina riƙo, duk harbi sai wutsiyar ƙarfen ta daki itacen baya, kamar yadda mai faskare ke buga ƙarfe a tsagar gungume.

Maigidan sansani ya ce in binciko farashi. Na kira wani shagon kayan farauta mai izini a Duwala na nemi ƙotar faiba irin ta waje. Mai shagon ya yi mini lissafi a fili, na kuma gode masa. A Turai kuɗinta wajen yuro 800. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka, wato kusan sefa dubu 525 tun ba ta baro can ba. Sai kuɗin jirgi, sai takardun izinin fitarwa da na shigowa, tun da sassan bindiga ba a aiko su haka kawai, sai duwan, wato kuɗin kwastan, sai harajin saye da ake kira TVA na kashi 19.25 cikin ɗari, sai ribarsa. Ya tsaya a dubu 950. Ya ƙara da cewa in sa ran watanni kafin ta iso, kuma in ta iso sai na nemi wanda zai zaunar mini da ƙarfen a ciki.

Ba na cikin masu cewa duk wannan tsada zalunci ne. Na riƙe ƙotocin na ga abin da kuɗin ke saya. McMillan na birnin Phoenix a Amurka tun 1973 suke yin ta faiba, ana shimfiɗa ƙyallen gilashi da gam a cikin mazubi da hannu. Irin wannan ƙota ba ta shan ruwa ba ta bushewa, yadda ka saita bindiga a watan Disamba haka za ka same ta a Afrilu. Manners na Kansas City suna sa zaren kabon, sai ƙota ta yi ƙarfi ba nauyi. GRS na Norway kuma fallayen itace suke haɗawa da gam a matse, kana iya ɗaga wurin kunci ko ƙara tsawo da danna maɓalli. Ga mutumin da ke harbin gasa a mita 600 ko 1,000, yana kwance rub da ciki, kowane ɗayan waɗannan yana da amfaninsa.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne itacen walnat mai zane, wanda ake kawowa daga Turkiyya da maƙwabtanta. Guntun katako ɗaya da ba a ko taɓa da wuƙa ba yana iya cin dubban yuro in zanensa ya yi kyau, kafin a yi maganar kuɗin mai sassaƙa. Yana da kyau ƙwarai, in ka fito da shi rana sai ka ga launinsa na motsi. Amma kyan ake biya. Zanen nan mai murɗe-murɗe in ya faɗo a wuyan ƙota rauni ne, shi ya sa gwanayen Ingila ke barin shi can gindi su nemi miƙaƙƙiyar jijiya a wuya. Kuma walnat itace ne. Na ga wata bindigar baƙo mai tsadar gaske da ta yi mako biyu a zafin Maris ɗinmu, lokacin da Garwa ke haura digiri 40, gefen ƙarfe ya fara tasowa sama da itace har farce na kamawa. Mai ita ya yi ta shafawa yana jimami.

Sannan a duba irin harbin da ake yi a dazukan Faro da Binuwai da Buba Njida. A tsaye ake yi, a kan sanduna, bayan an bi sawu tun safe cikin bishiyoyin doka da ciyawar da ta ƙone rabi. Yawanci mita 50 zuwa 150 ne. Ɓaunar da ta ji ciwo ta shiga kurmi kuwa, a taku ashirin ake haɗuwa da ita. Abin da ake buƙata ƙotar da ba za ta tsage ba, wadda in ka ɗaga ta idonka ya faɗa kan saiti ba lalube, mai ɗan nauyin da zai sha naushi. Ƙota marar nauyi a kan .375 azaba ce ga kafaɗa, kuma baƙon da ke tsoron bindigarsa yana runtse ido kafin ya ja kunama.

Wani tsohon mai bin sawu ɗan Cholire ne ya kwatanta mini Baba, mai sassaƙa ƙota. Rumfarsa tana wani lungu ta wajen Yelwa, ba allo ba suna. A hannun mahaifinsa ya koya, tun zamanin bindigar toka, kuma yawancin aikinsa yau ƙotocin bindigogin tsuntsu ne masu lamba 12, tsofaffin Simplex na Faransa da Baikal na Rasha, na masu harbin zabi da fakara. Bayan mun gaisa na kwance ƙunshi, bai ko miƙo hannu ba.

"Ɗana, ina takardarta?"

"Ga ta, Baba. Ga ta sansani, ga tawa."

Ya ba jikansa ya karanta masa lambar, ya duba ta jikin ƙarfen da kansa, sannan ya ce, "To. Makullin da ke tura harsashi ka koma da shi gida. Ƙarfen ma in na tashi aiki da yamma ka zo ka ɗauki abinka. Ba na kwana da bindigar mutane." Tun dokar makamai ta 2016, da halin da arewacin ƙasar nan ke ciki, haka ya kamata mai sana'a ya yi, kuma wannan ne ya fara kwantar mini da hankali a kansa.

Zaɓen itace ya ci mana wuni. Ya fito da kirya ya ce in ɗaga, na ɗaga, ya ce ka ji, wannan na turmi ne da gawayin maƙera, zai karya maka kafaɗa tun kafin a yi harbi. Madobiya ya ce ta fi kowa kyau amma shi ya daina taɓa ta tun da aka sa ido a kan sararta, masu kai ta waje sun kusa ƙarar da ita. Ya rage kanya, wadda ya ce da ita mahaifinsa ke yi, da maɗaci. Kanyar da yake da ita ba ta kai kauri ba. Maɗacin kuwa wani tsohon katako ne ja wur da ya saya a gidan da aka rushe, ya daɗe yana rataye a rufin rumfa. Ya jiƙa yatsa ya shafa gefensa don jijiyar ta fito, ya ɗora tsohuwar ƙotar a kai yana juyawa har ya sami inda jijiya ta bi wuya a miƙe, sannan ya zana da alli. Ya ce ɗanyen itace ko wanda aka busar a gaggauce shi ne ke kunyata masassaƙi, ba rashin iyawa ba.

Gizago da magagari suka fitar da siffar. Abin da ya tsayar da ni shi ne yadda ya fafe mazaunin ƙarfe. Ba shi da inji. Fitilar kananzir yake kunnawa ya ɗaga lagwani ta yi hayaƙi, ya turara ƙarfen har ya yi baƙi, ya sa shi cikin ramin a hankali ya ɗan buga da tafin hannu, ya ciro. Duk inda itace ya ɗauki baƙi, nan ne ya taɓa. Sai ya ɗauki ƙaramar wuƙar da ya ƙera da ƙarfen sifirin mota ya kankare wurin kaɗai, ɗan abin da ya fita ba ya kai ɓawon albasa kauri. Ya sake turarawa, ya sake sawa. Haka yake yi tun hantsi har azahar ba ya magana, baƙin yana ƙara bazuwa daga ɗigo-ɗigo zuwa shimfiɗa, har ƙarfen ya zauna ko'ina daidai. Masu yin bindigogin Landan ma da hayaƙin fitila suke wannan aiki, kuma lokacin da yake ci na cikin abin da ke sa ƙotarsu tsada.

Da ya zo kan tsawo sai ya ce in tashi tsaye in rufe ido in ɗaga ƙotar kafaɗa, sannan in buɗe. Na buɗe na ga ina kallon saman bututu. Ya rage wurin kunci, muka sake. Na tuna masa cewa bindigar ta baƙi ce, kuma yawancinsu sun fi ni tsawon hannu, sai muka tsaya a kusan santimita 36 daga kunama zuwa ƙarshen gindi.

Abu biyu ni na kawo masa, ya kuma karɓa ba gardama. Na farko kusoshin ƙarfe biyu da ake gicciyawa cikin ƙota, ɗaya bayan haƙorin nan ɗaya bayan ma'ajiyar harsashi, don su hana itace buɗewa. Na biyu gam mai haɗi biyu irin wanda ke daskarewa kamar dutse, a zuba a mazaunin haƙori. Kafin a zuba sai an shafe ƙarfen da man takalmi marar launi, in ba haka ba ƙarfe da itace sun haɗe ke nan har abada. Baba bai taɓa amfani da shi ba, ya tsaya yana kallo ina shafawa, ya tambaye ni sau nawa ake shafawa da tsawon lokacin da yake ɗauka. Amma ɗan gibin da ake bari bayan wutsiyar ƙarfe, don kada ta sake dukan itace, shi ya riga ni faɗa. "Nan ne ta kashe waccan," in ji shi. Ya gama da man lin da ake shafa wa katako, yana ɗiga kaɗan yana murzawa da tafin hannu har ya yi ɗumi, ya bari ya sha, ya sake washegari.

Kuɗi: ya nemi dubu 150, itace da aiki. Na ce, "Baba, a yi mini ragi." Ya ce, "Ɗana, katakon nan ba ni da irinsa biyu." Muka daidaita a 140. Robar gindi mai laushi, gam da kusoshi sun ci mini wajen dubu 40. Duka dubu 180, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka yanka mini a Duwala ba.

Bindigar ta yi kakar bana cur. Da aka buɗe daji na gwada ta a filin saitin sansani, harsashi uku suka taru a tazarar da ba ta kai santimita 5 ba a mita 100, abin da ya isa duk wata farauta da muke yi. Baƙi sun ɗauke ta sun bi ɓauna da gwanki, ta sha ƙura a bayan mota, ta sha kaifin ƙaya. Ba tsaga, kusoshi ba su saki ba. Wani Bajamushe dattijo ya juya ta a hannu ya tambaye ni ko wane itace ne, na nuna masa bishiyar maɗacin da ke bakin rafi bayan kicin.

Aikin yana da nasa aibu, kuma dole in faɗa. Da zafi ya tsananta a Maris na sake gwada ta, saiti ya sauka kamar yatsa biyu, sai da na gyara. Ƙotar faiba ba za ta yi haka ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da mai biyan dubu 950 yake saya. Ni da nake gwada kowace bindiga kafin ta fita, bai dame ni ba. Wanda ke ajiye tasa wata shida ya ɗauko ya nufi daji kai tsaye, zai dame shi. Nauyi ya ƙaru da wajen giram 400, tun da maɗaci ya fi walnat nauyi. A harbi alheri ne, a tafiyar bin eland ta wuni guda mai ɗaukar bindiga yana ji a jikinsa. Zanen riƙo da ya yi a wuya da gaba bai yi kyau ba, layukan ba su tafi daidai ba, wasu sun tsallake iyaka. Hannu mai gumi yana kamawa, amma ido ba ya jin daɗinsa. Sai jinkiri: ya ce wata ɗaya, ya kusa cinye damina. In aka yi rasuwa ko suna a unguwa rumfa a rufe take, waya kuma ba ya ɗauka sai jikan na kusa. Rasit babu, garanti kuma maganarsa ce kawai.

Abin da ya fi damuna ba aibin ƙota ba ne. Jikan da ke karanta masa takarda acaɓa yake so, ba gizago ba. A garin da ke da Makarantar Namun Daji tun 1970, inda ake horar da jami'an gandun daji daga ƙasashen Afirka da dama, da sansanonin farauta kewaye da gandun daji uku, mai wannan sana'a yana zaune a lungu ba almajiri ko ɗaya. Mu masu sansani da muke iya tura ɗaruruwan dubbai waje, da mun riƙa kai masa aiki a kai a kai muna biya da daraja, da yaro ya ga abin zama.

Sauran kayan harbi ma haka nake raba su. Sandunan harbi na waje masu ƙafa uku ko huɗu, na kabon, suna haura yuro 100, wasu ninkin haka. Namu gora uku ce da aka ɗaure da robar tayar keke, ba sa ƙara in sun bugi dutse, in ɗaya ta karye a sari wata. Masu ƙafa huɗu dai suna riƙe gaba da gindin bindiga lokaci guda, kuma ga baƙon da hannunsa ke rawa na ga amfaninsu. Maratayi da jakar harsashi, dukawan babbar kasuwar Garwa da na Marwa suna ɗinka su da fatar da ta fi wasu na kanti ƙarko, ka dai kai musu samfur ka tsaya a kan ɗinki biyu.

Inda ba na yarda a yi tsimi shi ne madubin saiti da ƙarafan da ke riƙe shi. Na ga madubin araha a kan .375 wanda bai kai ƙarshen akwatin harsashi ɗaya ba cikinsa ya kwance, kuma madubin da ya kwance shi ke sa a ji wa dabba ciwo ta tafi ta mutu a wahale, ko ta juyo kan masu bin sawu. Swarovski na Ostiriya, Zeiss na Jamus, Leupold na Amurka, kowanne da farashinsa, amma a nan kuɗi na sayen abin da ba a sassaƙawa a rumfa. A nemi mai ƙaramin kusantarwa, daga ninki 1 ko 1.5 zuwa 6, mai barin tazara tsakaninsa da ido, don kada ya tsaga gira. Sai abin toshe kunne. Tsofaffin masu bin sawunmu da yawa ba sa ji da kunne ɗaya saboda shekarun tsayuwa gefen bakin bindiga riƙe da sanduna. Na roba bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba, amma sansani nawa ne ke raba wa ma'aikatansa?

Wanda zai kai wa Baba aiki ya kai da farkon damina, da zarar an rufe daji, ya je da takardunsa, ya ce a nuna masa katakon kafin a yi ciniki, ya kuma kawo gam da robar gindi da kansa. Maigida ya riga ya ce a kai masa ta biyu, bindigar tsuntsu mai baki biyu da gindinta ya kwakkwaɓe. Mun yi magana da Baba zai nemo busasshiyar kanya, na kuma roƙe shi wannan karon ya bar wuyan sumul ba zane.